Babi na Shida: Muryar Mamaci, Gadon Wa?

A watan Janairun 2020 Allah ya yi wa Abdallah ag Oumbadougou rasuwa, mutumin da makaɗan jita na Arlit da Agadas suke ɗauka uba a wannan sana'a. Bayan shekara huɗu, a 2024, wani kamfanin faifai na ƙetare mai suna Petaluma ya fitar da kundin waƙoƙinsa, aka sa masa suna Amghar, wato dattijo ko shugaba a harshen Tamashek. An tattaro tsofaffin ɗauka, aka wanke sautinsu, aka haɗa da waɗansu da ba su taɓa fita kasuwa ba. Mai waƙar bai riƙe wannan faifai a hannunsa ba, kuma duk faifan da ya fito bayan rai haka yake, akwai hannun da ya ƙarasa shi wanda ba na mai shi ba. Ni dai ban ga laifi a fitar da waƙar mamaci ba. Abin da nake so in kafa shi ne, wanda ya fitar da ita wasiyyi ne, mai riƙon amana, kuma ma'aunin da za a auna shi da shi ba sai mun aro daga lauyoyin Amurka ba, muna da shi a zauren kowane malami da ke rabon gado. Kafin magada su taɓa ko allura, sai an yi wa mamaci sutura, an biya masa bashi, an zartar da wasiyyarsa. Muryar mawaƙi ma cikin abin da ya bari take, kuma wannan jeri ya hau kanta.

Inda wannan harka ta zama babbar kasuwa shi ne Amurka, a cikin irin gambarar zamani da ake yi kan rayuwar 'yan daba, wadda ta yi ƙarfi a unguwannin baƙar fata irin su Compton tun ƙarshen shekarun 1980. An harbi Tupac Shakur a Las Vegas ranar 7 ga Satumba 1996, ya cika ranar 13 ga wata yana ɗan shekara 25. Ba a yi wata biyu ba, ranar 5 ga Nuwamba, kamfanin Death Row ya saki kundin da ya ɗauka a watan Agusta da sunan Makaveli. Ranar 9 ga Maris 1997 aka kashe abokin hamayyarsa Notorious B.I.G. a Los Angeles yana da shekara 24, bayan kwana 16 kuma kundinsa Life After Death ya fito, sunan da shi da kansa ya zaɓa tun yana raye, ma'anarsa rayuwa bayan mutuwa. Waɗannan faifai biyu ba su da wata matsala babba, domin masu su sun rera su da niyyar duniya ta ji, ajali ne kawai ya riga ranar fitarwa. Wanda ya sake su ya isar da saƙon da aka riga aka naɗe ne. Matsalar ta fara ne da aka ga irin kuɗin da suka kawo, sai aka waiwayi ɗakin ajiya.

Tupac ya bar waƙoƙi masu yawan gaske da bai ƙarasa ba. Mahaifiyarsa Afeni Shakur ta kafa kamfanin Amaru a 1997 don ta kula da su, kuma daga wannan shekara zuwa 2006 aka yi ta fitar da kundi bayan kundi, har waɗanda suka fito bayan mutuwarsa suka zarce waɗanda ya fitar da ransa. Wanda ya fi dacewa a tsaya a kansa shi ne na 2004, Loyal to the Game, wanda Eminem ya haɗa da amincewar mahaifiyar. An cire kiɗan da Tupac ya hau tun farko aka sa sabo, an rage ko an ƙara saurin muryarsa don ta dace da sabon kiɗan, an kuma yayyanka gaɓoɓin kalmominsa aka jona su har ya zama yana ambaton G-Unit, ƙungiyar mawaƙan da ba ta yi suna ba sai bayan ya daɗe da rasuwa. Faifan ya hau matsayi na ɗaya a kasuwar Amurka. Mai saurare ya ji muryar da ya sani tana gaida mutanen da mai muryar bai taɓa gaisarwa ba. A wajenmu wannan yana da suna, sa wa mamaci magana a baki ne, kuma ko a shari'ar gona dattawa ba sa yarda da shi. Daga nan zuwa abin da ya faru a Afrilun 2024 tazarar kaɗan ce: mawaƙi Drake ya yi amfani da ƙirƙirarriyar basira ya kwaikwayi muryar Tupac a wata waƙar habaici da ya yi wa Kendrick Lamar, sai da lauyoyin masu kula da gadon Tupac suka yi masa barazanar kotu sannan ya janye ta. A da ana buƙatar ragowar abin da mutum ya furta kafin a jujjuya shi. Yanzu ko wannan ba a buƙata.

Mutumin Arlit ba ya buƙatar dogon bayani kan yadda ake mai da abin da ke binne ya zama dukiyar wani wuri. Garin kansa saboda abin da ke ƙarƙashin ƙasa aka kafa shi a ƙarshen shekarun 1960, kamfanin Somair ya fara fitar da yuraniyom a 1971, Cominak na Akokan ya biyo baya a 1978. Ma'aikata suka zo daga Damagaram da Maraɗi da Tawa da Dosso, da ma ƙasashen maƙwabta, har Hausa ta zama harshen kasuwa da tasha, garin kuma ya samu laƙabin Paris ta biyu a zamanin da kuɗi ke gudana. Da aka rufe Cominak ranar 31 ga Maris 2021, an riga an haƙo kimanin tan 75,000 na yuraniyom, aka bar wa Akokan tsibin tarkace mai tururin guba da ya kai wajen tan miliyan 20, abin da ƙungiyar Aghirin'man ta Almoustapha Alhacen ta daɗe tana kuka a kansa. Ban kawo wannan don in ce mai fitar da faifai daidai yake da mai haƙar ma'adini ba, zalunci ne a daidaita su. Na kawo shi ne don mutanen wannan yanki sun riga sun koyi tambayoyin da suka dace: wa ya ba da izini, ina ribar ta tafi, me aka bar wa masu wurin. Su ne tambayoyin da suka kamata a yi wa kowane faifan mamaci.

Waƙar Abdallah kuwa ta fi kusa da gambarar Compton fiye da yadda kunne zai zata, duk da kiɗansu bai yi kama ba. Shi ma daga cikin matasan da aka ture gefe ya fito, Abzinawan da fari da rashin aiki suka kora Aljeriya da Libiya, waɗanda ake kira ishumar, kalmar da aka samo daga Faransanci mai nufin marasa aikin yi. A can ya kafa ƙungiyarsa Takrist n'Akal a ƙarshen shekarun 1980. Bayan kashe-kashen Cintabaraden na watan Mayun 1990 da tawayen da ya biyo baya, waƙoƙinsa suka zama saƙo tsakanin mayaƙa da iyalansu, hukuma ta haramta kaset ɗinsa, mutane suka ci gaba da kwafa a ɓoye daga rediyo zuwa rediyo. Shi ma ya san bindiga, kamar yadda ya san jita. Bambancinsa da Tupac shi ne Allah ya ba shi tsawon kwanan da zai sauya. Bayan yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilu 1995 ya dawo gida, ya buɗe makarantar koyar da kiɗa a Arlit da wata a Agadas, daga baya ya yi aikin Desert Rebel tare da mawaƙan Faransa, cikinsu har da Imhotep na ƙungiyar gambara ta IAM daga Marseille. Mutumin da ya rasu a 2020 malamin yara ne mai kiran zaman lafiya, wanda ya taɓa zama mawaƙin tawaye. Duk wanda zai tsara masa faifai bayan rai, a hannunsa yake ya nuna wa duniya cikakken mutumin ko kuma ya tsaya kan rawani da bindiga, tunda su suka fi jan hankalin mai saye a Turai.

Bayan sutura, bashi shi ne na farko a jeri, kuma mawaƙi ba ya mutuwa ba bashi a kansa, ko da ba na kuɗi ba ne. Babu faifan da mutum ɗaya ya yi shi kaɗai. Akwai wanda ya riƙe jita ta biyu, akwai mai kiɗan ƙwarya, akwai mata masu tafi da guɗa, akwai 'yan amshi, wani lokaci akwai mai baitin da aka ɗora wa kiɗa. A al'adarmu waɗannan mutane ubangidansu ke sallamarsu daga abin da aka samu a wajen wasa, babu takarda, alkawari ne na baki da kunya. Ranar da ubangida ya kwanta dama, alkawarin ba shi da mai riƙe shi, sai dai in wasiyyi ya neme su da kansa. Mun ga yadda abin yake a ƙasar Hausa: Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya Jos a 2015, har gobe muryoyinsu na tashi a tasha da rediyo da intanet, kuma kalangu da amshin da suka ɗauki Shata hannuwa da bakunan mutane ne masu iyali. Akwai kuma bashin gari. Waƙar da aka haifa a Abzin, aka ɓoye ta a ƙasan katifa lokacin da riƙe ta laifi ne, bai kamata ta dawo a matsayin faifan garmaho mai tsada da sai mai katin banki na ƙasar waje ke iya saye ba, alhali waɗanda suka tsare ta ba su da hanyar jin sabon sautin. Biyan wannan bashi ba shi da wuya: a kai kwafi gidajen rediyon Arlit da Agadas, a rubuta sunan duk wanda ya yi kiɗa, a fassara baitoci don kada a saurari kukan mutane kamar ado.

Wasiyya ta fi wuyar sha'ani, domin mawaƙa ba safai suke barinta a rubuce ba. Amma rayuwar mutum ma tana magana. Abin da ya fitar da abin da ya ƙi fitarwa duk shaida ne. In mawaƙi ya ɗauki waƙa ya ajiye ta shekara goma bai sake ta ba, yana da damar sakinta, to ajiyewar hukunci ce da ya yanke, ba mantuwa ba ce a kowane hali. Misalin da ya fi ƙarfi a nan daga Kabi yake. Muhammadu Gambo Fagada, wanda aka fi sani da Gambu mai waƙar ɓarayi, shi ne mafi kusa da mawaƙin 'yan daba da Hausa ta taɓa yi, ya wasa ɓarayi da sunayensu kamar yadda Kassu Zurmi ya wasa 'yan tauri da mafarauta. Kafin rasuwarsa ya bayyana cewa ya tuba ya bar wannan waƙa. Masana adabi suna da hujjar adana abin da ya rera, domin tarihin harshe ne da na zamantakewa, kuma an yi nazarinsa a jami'o'i. Amma wanda zai tattara waɗannan waƙoƙi yau ya yi musu sabon bango ya sayar, bai ambaci tubar ba, ya karya wasiyyar da aka yi a bainar jama'a. A nan ne ma damuwar masu addini take da gurbi, ko da mutum bai tafi kan ra'ayin masu haramta kiɗa gaba ɗaya ba: Musulmi ya yi imani abin da ya bari a duniya yana iya bin sa kabari, alheri ko akasinsa, don haka yaɗa abin da ya janye daga gare shi ba ƙaramin nauyi ba ne.

Za a ce, in iyali sun yarda ai magana ta ƙare, tunda doka ma su ta ba haƙƙi. Gaskiya ne doka ta ba su. Yarjejeniyar Berne, wadda Nijar da Najeriya duk suke ciki, ta sa haƙƙin mai fasaha ya ci gaba aƙalla shekara 50 bayan rasuwarsa, kuma a Yamai akwai hukumar BNDA da aka kafa don karɓa wa masu fasaha haƙƙinsu. Ba na so a rage wa marayu ko dala, sau da yawa waƙar ita ce kaɗai gonar da uba ya bar musu. Sai dai labarin Tupac ya nuna iyakar wannan hujja, domin mahaifiyar da ta haife shi, wadda babu mai shakkar ƙaunar da take masa, ita ta amince da faifan 2004. Magada sun gaji amfanin waƙa, ba su gaji bakin mai waƙa ba. Ɗa yana iya sayar da gidan ubansa, ba ya iya zuwa gaban alƙali ya ce ubansa ya faɗi abin da bai faɗa ba. Ga kuma halin da iyali ke ciki lokacin da ake neman sa hannunsu: ana cikin zaman makoki ko ba a daɗe da tashi ba, takardar da Faransanci ko Ingilishi, mai kawo ta ya san kasuwa, su ba su sani ba. Yardar da aka samu a wannan hali tana buƙatar wanda zai duba ta.

Hujja ta biyu ta fi ta farko ƙarfi, kuma daga cikin gida take fitowa. Masu ita suna cewa waƙa a wannan yanki ba ta taɓa zama kayan kulle ba. Da ba a kwafi kaset ɗin Abdallah ba izini ba, da waƙarsa ta mutu tun 1990. Suna kuma da shaida mai rai. Mdou Moctar, wanda ya tashi a Arlit, ya ga wasan Abdallah yana yaro, ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke. A Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, da irin sautin na'ura na waƙoƙin finafinan Hausa. Ba kamfani ne ya yaɗa shi ba, daga waya zuwa waya ya bi ta Bluetooth da memori har ya kai arewacin Mali, inda Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds ya ji wata waƙarsa ya shiga neman mai ita. Yau yana cika dandali a Amurka da Turai. To me ya sa za a zo da maganar izini a wurin da rashin izini ya yi wannan alheri? Amsata ita ce a duba abin da mai kwafa yake yi. Direban da ya tura wa abokinsa waƙa a tashar Arlit bai canza ko harafi ɗaya ba, bai ɗora sunansa a kai ba, bai tara dukiya da ita ba. Mai rai kuma, irin Mdou, yana nan zai ci moriyar sunan da ya yi, a gayyace shi biki, ya sa hannu a kwangila, ya ce a'a in ba ta yi masa ba. Mamaci ba ya zuwa biki. Yaɗuwar da take tallata mai rai, ga mamaci ita ce dukan abin da ya rage, kuma in akwai kuɗi a ciki ba shi da bakin tambaya. Al'adar kyauta da waƙa tsakanin talaka da talaka ba ta zama lasisi ga mai jari ba.

Akwai kuma masu cewa gara a fitar ko yaya ne da a bar ta ta lalace, tunda kaset ba ya jure zafi da rairayin Sahara, waya kuma tana ɓata, kwamfutar situdiyo tana mutuwa da duk abin da ke cikinta. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa ba na cikin masu zagin kamfanonin da ke farauto tsofaffin ɗauka, aikinsu ya ceci abubuwa da yawa da hukumominmu suka bari. Amma adanawa daban, ƙirƙira daban. Wanke ƙarar iska daga tsohon kaset hidima ce ga abin da mutum ya yi. Cire kiɗansa a sa na yayi, ko gayyato baƙon da bai sani ba a jona shi a waƙarsa, kamar yadda aka yi wa B.I.G. a 1999 da 2005, sabon aiki ne da aka rataya wa sunansa don sunan na sayarwa. Hanya mafi tsafta ma mun gan ta a kan Abdallah kansa: kundin Anou Malane, wanda ya ɗauka a Benin tare da Nel Oliver a tsakiyar shekarun 1990, Sahel Sounds ta sake fitar da shi a 2019, yana raye, yana iya cewa e ko a'a. Wata kaɗan ne tsakanin wannan da rasuwarsa. Dattawan makaɗa da suka rage a Abzin da Adar da Damagaram, yanzu ne lokacin zama da su, a ɗauka, a tambaye su wace za a fitar wace za a bari, a rubuta amsar gaban shaidu.

Matasan da ke gambara a Yamai da Maraɗi da Kano sun fi kowa shiga wannan haɗari, domin su ba kaset suke bari ba. Murya tsirara suke bari a kwamfutar mai situdiyo, ba kiɗa a bayanta, a shirye take a ɗora ta kan duk abin da aka ga dama, ko a koya wa na'ura ita. Kuma ajali ba ya duba shekaru. Lil Ameer na Kano bai wuce ƙuruciya ba lokacin da haɗarin hanya ya ɗauke shi a 2017. Takarda guda tsakanin mawaƙi da mai situdiyo, mai faɗin wa ke da ɗaukar da wanda za a tuntuɓa in ta Allah ta kasance, ta isa ta hana rigimar shekaru.

A bangon kundin Amghar an rubuta cewa kashi na ɗaya ne, wato ana sa ran na biyu. In ya zo, wurin da ya kamata a fara jin sa shi ne Arlit, a gaban waɗanda suka yi kiɗa tare da shi da yaran da ya koya wa riƙe jita, tun kafin a rufe jerin waƙoƙin, domin a cikinsu akwai waɗanda za su iya cewa wannan ya so a ji, waccan kuwa don zaman dare ya rera ta.